Wakilin AI da takardar aikensa: yadda ake auna ingancin bayanin kayan aiki

Idan ɗan kasuwa a Maradi ya ce wa manhajar da ke cikin salularsa, "Tura wa direba dala ɗari biyu ya ci abinci," sai sefa 200 suka shiga wa direban maimakon jaka ɗaya, laifin wane ne? Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce na'urar ba ta jin Hausa, ko kuma a ce ƙirƙirarriyar basirar nan ta AI da ake ta kururutawa ashe holoƙo ce, hadarin kaka. Masu haɗa irin waɗannan manhajoji kuwa, idan aka kawo masu wannan ƙorafi, wani wuri daban suke fara dubawa. Suna buɗe wasu ƴan layuka na rubutu da mai salula bai taɓa gani ba, waɗanda aka rubuta don a gaya wa injin abin da kayan aikin tura kuɗi yake yi da yadda ake cika shi. Sau da yawa a nan ɓarakar take.

Maganar ta taso ne saboda tun daga 2025 kamfanonin fasaha suka koma tallan abin da suke kira wakilan AI, wato manhajojin da ba su tsaya ga amsa tambaya ba, har aiki suke aiwatarwa: su duba farashi, su rubuta oda, su aika saƙo, su biya kuɗi. Ana ta gardamar wane inji ya fi wane basira, amma ba a cika zancen takardar aiken da ake damƙa wa injin ba, balle yadda za a gane mai kyau daga marar kyau.

## Wakili, kayan aiki da bayani: me kowanne ke nufi?

Injin da ke bayan ChatGPT ko Claude ko Gemini ba shi da hannu. Yana karɓar rubutu ko hoto ko murya, ya fitar da amsa, shi ke nan. Ba ya shiga asusun kowa, ba ya buɗe rumbun bayanan kanti. Idan ana so ya taɓa wani abu a waje, sai mai haɗa manhaja ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da ke yin aiki guda, misali duba ragowar kuɗi ko aika saƙo. Wannan shirin shi ake kira kayan aiki. Wakili kuma shi ne injin idan aka jera masa irin waɗannan kayan aiki, aka sakar masa mara ya zaɓi wanda zai ɗauka, ya ga sakamako, ya yanke abin da zai yi a gaba har ya kammala.

Kowane kayan aiki ana gabatar da shi ga injin da abu uku. Akwai suna. Akwai bayani, wato ƴan jimloli da harshen mutane. Sai tsarin gurabe, wanda ke faɗin abubuwan da za a cika, kamar lambar waya da adadin kuɗi, da irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Ana rubuta shi da tsarin JSON Schema, wani salon rubutu da kwamfuta ke iya karantawa. Idan injin ya ga buƙata, sai ya rubuta ƴar takardar kira mai ɗauke da sunan kayan aikin da abin da ya cika a guraben. Manhajar ce ke karɓar takardar ta aiwatar, ta dawo masa da sakamako.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne injin ba ya ganin cikin shirin. Sunan nan da bayanin da guraben, su ne iyakar saninsa. Kamar baƙon ɗan aike ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya sauka tasha yau da safe: ya yi karatu mai zurfi, amma bai san tiya ba, bai san dala ba, kuma halinsa idan bai gane ba ya fi son ya yi hasashe a kan ya dawo ya tambaya.

OpenAI, mai ChatGPT, ta fito da wannan salo na kiran kayan aiki a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 Anthropic, mai Claude, ta fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta sa mutum zai iya rubuta kayan aiki sau ɗaya, manhajoji daban-daban su yi amfani da shi. OpenAI ta rungumi ƙa'idar a Maris na 2025, kuma a Disamban shekarar aka miƙa kula da ita ga wata gidauniya a ƙarƙashin Linux Foundation. Wannan ya ƙara wa bayani nauyi. Kayan aikin da ɗalibi ya rubuta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yana iya faɗawa hannun injin da bai taɓa gwada shi da shi ba, a jere da wasu kayan aiki talatin na mutanen da bai sani ba. Babu wanda zai tsaya ya yi wa injin ƙarin haske.

## Misali ɗaya, rubutu biyu

A ɗauka wata ƙungiyar ƴan kasuwar hatsi ta sa an haɗa mata kayan aikin duba farashi. Ga irin abin da aka saba gani:

Suna: farashi. Bayani: "Yana ba da farashin kaya." Gurabe: kaya, wuri, rana.

Wanda ya rubuta shi ba zai ga aibunsa ba, domin komai yana cikin kansa. Amma farashin me? Na buhu ko na tiya? Sari ko ɗai-ɗai? Da sefa ko da naira, tunda Jibiya ba ta da nisa? A gurbin wuri, "Tasawa" za a rubuta ko "Tessaoua"? Idan aka rubuta rana 03/04, uku ga Afrilu ke nan kamar yadda muka koya a lakwal, ko huɗu ga Maris kamar yadda Amurkawa ke karantawa? Duk tambayar da bayanin bai amsa ba, injin zai amsa ta da kansa, kuma ba lalle amsar yau ta zama ta gobe ba.

Ga yadda ya kamata ya kasance:

Suna: duba_farashin_hatsi. Bayani: "Yana kawo farashin sari na gero, dawa, masara ko wake a kasuwannin jihar Maradi da aka jera a gurbin kasuwa. Farashin na buhu mai kilo 100 ne, da sefa, lamba cikakka ba tare da waƙafi ba. Sau ɗaya a mako ake sabunta shi, don haka a riƙa faɗa wa mai tambaya ranar da aka ɗauko farashin. Kada a yi amfani da shi don farashin tiya ko na kasuwannin Najeriya. Idan amsa ta ce babu, ma'ana ba a kawo rahoton wannan makon ba, ba wai hatsin ya ƙare ba. Karantawa kawai yake yi, ba ya saye, ba ya sayarwa."

Sannan gurbin hatsi a kulle shi da zaɓi huɗu kacal, gurbin kasuwa ma a jera sunayen da rumbun bayanai ya sani, rana kuma a ce shekara, wata, rana, a ba da misali kamar 2025-04-03. Rubutun bai kai kalma ɗari ba, amma kowace jimla ta toshe wata kafa da kuskure zai bi ya shigo.

## Abin da ido ke iya kamawa kafin gwaji

Matakin farko na tantancewa karatu ne, kuma bai kamata marubucin ne zai yi shi ba. A ba wani da bai san aikin ba suna da bayani da gurabe kaɗai, a karanta masa buƙatu biyar, a ce ya cika takardar kira da hannu. Duk inda ya ɗago kai ya yi tambaya, nan ne injin zai yi hasashe.

A wajenmu ma'auni shi ne babban rami, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya sefa 1000. Da an tsallaka Dan Isa zuwa ɓangaren Katsina, jaka a bakin tsofaffin ƴan kasuwa naira 200 ce. Kalma ɗaya, ƙima biyu, tsakanin garuruwan da mota ke haɗawa kafin azahar. Ga kuma wani tarko da ba a ji a baki: manhajojin biyan kuɗi da yawa suna karɓar adadi ne da mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin. Sefa ba ta da ƙaramin ɓangare a tsarin ƙasa da ƙasa, don haka 5000 tana nufin sefa dubu biyar, amma a naira 5000 tana iya nufin kwabo dubu biyar, wato naira 50. Haka waƙafi: wanda ya yi karatun Faransanci idan ya ga 2,500 biyu da rabi zai karanta, mai karatun Ingilishi kuma dubu biyu da ɗari biyar. Tiya ma ba awo ɗaya ba ce ga kowane hatsi. Ta gero ana lissafa ta kimanin kilo biyu da rabi, amma cikar tiya ta danganta da hannun mai awo.

Bayani mai kyau yana faɗin ma'auni ƙarara. Wanda ya fi shi kyau kuma shi ne wanda ya ɗauke wa injin lissafin gaba ɗaya. Maimakon a rubuta "idan an ce dala ka ninka sau biyar," sai a yi gurabe biyu: adadi, da ma'auni mai zaɓi uku, dala ko jaka ko sefa. Injin ya kwafi abin da ya ji, 200 da dala, shirin kwamfuta ya yi ninkin. Shiri ba ya mantuwa, inji kuwa yana yi. Mai tantancewa ya riƙa tambayar kansa ko abin da ake roƙon injin ya tuna za a iya mayar da shi dole ta hanyar tsarin gurabe.

Na biyu shi ne iyaka tsakanin kayan aiki masu kama da juna. Idan akwai nemo_abokin_ciniki da duba_abokin_ciniki, kuma duka bayanansu sun ce "yana kawo bayanin abokin ciniki," injin zai riƙa canki-canka. Dole kowanne ya faɗi lokacin da ake ɗaukarsa da lokacin da ake barinsa: na farko idan suna kawai aka sani, na biyu idan an riga an sami lamba. Saboda haka ba a tantance bayani shi kaɗai, sai a jere da maƙwabtansa.

Suna ma yana da nasa sharri ga mai Hausa. Manyan kamfanonin sun taƙaita sunan kayan aiki ga baƙaƙen Ingilishi da lambobi da alamun - da _, don haka ƙ da ɗ da ɓ ba sa shiga. Ko ban da wannan, wanda ya sa wa kayan aikinsa kara_oda, ƙara oda yake nufi ko kai ƙara a kan oda? Gara a tsawaita sunan ya fita sarai. Haka wajen neman sunan mutum ko gari: mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta 'y, mai sauri a salula kuma y kawai zai danna. Gidan Rumji a takardun hukuma Guidan Roumdji ne. Bayanin ya faɗi ko kayan aikin yana haɗa waɗannan da kansa, ko kuwa sai an rubuta daidai harafi da harafi.

Sai abin da kayan aikin ke dawowa da shi, wanda mutane ke mantawa cewa shi ma bayani ne. Idan aka yi kuskure amsa ta dawo "kuskure 400," injin bai ƙaru da komai ba, zai sake maimaita abin da ya yi. Idan ta ce "lambar wayar Nijar lamba 8 ce bayan 227, an ba da 7," zai gyara ko ya tambayi mai shi. Haka idan aka nemi cinikin mutum ɗaya sai kayan aikin ya juye layi dubu uku, injin zai nutse a ciki, kuɗin aiki kuma ya hau.

Na ƙarshe, kuma mafi tsada idan aka yi sake, shi ne ko aikin yana da komowa. Kowa ya san yadda rezo ke ɗaukewa ana tsakiyar tura kuɗi. Kuɗin sun tafi, amsa ba ta dawo ba, wakili ya ɗauka bai yi ba, ya sake turawa. Bayanin kayan aikin tura kuɗi dole ya ce aikin ba ya warwaruwa, a nemi amincewar mai kuɗi da adadi da sunan mai karɓa kafin a kira, kuma idan amsa ba ta zo ba a fara duba matsayin aikin da lambarsa kafin a sake. Shirin kansa ma ya ƙi aiwatar da lambar aiki ɗaya sau biyu.

## Gwaji shi ne alƙali

Karatu yana kama kurakuran fili, amma bayani na iya yi wa mutum daɗin karatu ya rikita inji, wani kuma ya zama busasshe amma inji ya bi shi tiryan-tiryan. Don haka ma'aunin gaskiya shi ne abin da wakili ya aikata bayan ya karanta.

Ana fara wa da tara buƙatu na gaske, yadda mutane ke faɗinsu, ba yadda injiniya zai tsara su ba. Talatin zuwa hamsin sun isa a soma. A sa masu gaurayen Hausa da Faransanci, da waɗanda aka rubuta ba ƙugiya, da masu "jibi" da "gata" da "ran Juma'a mai zuwa," da waɗanda ke buƙatar kayan aiki biyu ko uku a jere, kamar "duba bashin da ake bin Alhaji ka aika masa tunatarwa." Ga kowace buƙata a rubuta abin da ake sa ran gani: wane kayan aiki, me za a cika, kuma yaya rumbun bayanai zai kasance bayan an gama.

Kashi biyu ne aka fi mantawa da su. Akwai buƙatun da bai kamata a kira komai ba, kamar wanda ya tambayi farashin shinkafa alhali kayan aikin hatsi huɗu kawai ya sani. Wakili nagari zai ce ba shi da wannan, marar kyau zai cusa masara ya kawo lamba. Akwai kuma waɗanda amsarsu tambaya ce, kamar "tura wa Sani jaka biyar" alhali Sani uku ne a jerin. Gwajin da bai ƙunshi waɗannan ba yana ba wakili mai rawar kai maki ne kawai.

Ana gudanar da gwajin a kan kwafin bayanai, ba asusun gaske ba, kuma a maimaita kowace buƙata aƙalla sau biyar, domin injin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Wannan maimaitawa tana tona abin da lamba ɗaya ke ɓoyewa. Wakilin da ke dacewa sau 90 cikin 100 kamar gwani ne. Amma idan aiki yana da mataki biyar, kowanne da wannan rabo, damar a wuce duka lafiya ta sauko wajen 59 cikin 100. Idan takwas ne, 43. Lissafi ne kawai, 0.9 a ninka da kanta. Ma'aunin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 ya ginu a kan irin wannan tunani: yana duba yadda rumbun bayanai ya ƙare, kuma yana tambayar ko wakili zai ci aiki ɗaya a duk lokutan da aka maimaita masa. Jadawalin kiran kayan aiki na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley shi ma yana auna ko inji ya san lokacin da babu kayan aikin da ya dace. Sai dai waɗannan injuna suke aunawa. Mai auna bayani yana juya abin ne: ya riƙe inji ɗaya, ya riƙa sauya rubutun.

Abubuwan da ake ƙirgawa su ne sau nawa aka zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa aka cika gurabe daidai, sau nawa aikin ya kammala, kira nawa aka yi kafin a kai, da yawan rubutun da aka ci. A raba kuskure gida-gida, domin maganinsu ya bambanta. Zaɓen da ba daidai ba yana nuna matsalar suna ko iyaka. Cikawar da ba daidai ba tana nuna matsalar gurabe. Maimaita kira ɗaya sau huɗu yana nuna saƙon kuskure ba ya koyar da komai.

Bayan lambobi sai a zauna a karanta zaman da ya lalace daga farko har ƙarshe. Aiki ne mai cin rai, amma a nan ake ganin injin ya ɗauki kalmar "asusu" a matsayin asusun banki alhali littafin bashi ake nufi. A gyara abu ɗaya, a sake gwaji, a kwatanta. Wanda ya sauya abu biyar a tashi ɗaya ba zai san wanda ya yi magani ba. Kuma a ware kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatun a ɓoye, kada a dube su lokacin gyara, sai a ƙarshe. In ba haka ba mutum zai wayi gari ya rubuta bayanin da ya haddace jarrabawarsa, ya faɗi a kasuwa. Duk ranar da aka sauya inji ko aka ƙaro sabon kayan aiki, gwajin ya koma farko.

## Inda masana suka rabu

Akwai masu cewa a tsawaita bayani, akwai masu cewa a taƙaita. Anthropic tana ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, fiye da haka idan yana da sarƙaƙiya. Masu taƙaitawa kuma hujjarsu ita ce a tsarin da aka saba, duk bayanan ana aika wa injin su a kowane zagaye, ana biyan kuɗinsu, kuma suna cinye wurin da zai riƙe zancen mai tambaya. Duka biyun suna da gaskiya, amma gardamar tsawo ba ta da amfani sosai. A cire jimla a sake gwaji. Idan maki bai motsa ba, dama ado ce. Yawan kayan aikin ya fi tsawon bayani cutarwa. OpenAI tana ba da shawarar a yi ƙoƙarin kada su kai 20 a lokaci guda, kuma sau da yawa haɗe kayan aiki uku da kullum ake kiransu a jere su zama ɗaya ya fi duk wani gyaran jimla.

Rabuwa ta biyu a kan sa wani injin ya zama alƙali ce: a ba shi bayanin da jerin sharuɗɗa ya ba da maki. Yana da sauri, yana da araha, kuma yana da amfani wajen tace ɗaruruwan kayan aiki a gano waɗanda ba su faɗi ma'auni ko iyaka ba. Rauninsa shi ne bai ga cikin shirin ba, don haka ba zai gane bayanin da ya yi ƙarya cikin ladabi ba. Idan rubutu ya ce buhu mai kilo 100 alhali rumbun na mai kilo 50 yake ajiyewa, alƙalin zai ba shi cikakken maki. Wannan sai mutum ya kira kayan aikin da hannunsa ya kwatanta da abin da ya sani a kasuwa. Haka batun sa inji ya sake rubuta bayanin: yana gyara tsari ƙwarai, musamman idan aka ba shi zaman da ya lalace ya karanta, amma yana iya ƙirƙiro alkawarin da shirin ba ya cikawa.

Ta uku ta fi shafarmu: da wane harshe za a rubuta bayanin? Injunan yau sun fi ƙwarewa a Ingilishi, Faransanci na biye, kuma rubutun Hausa yana cin gutsattsarin kalmomi, waɗanda da su ake lissafa kuɗin aikin inji, fiye da Ingilishi mai ma'ana ɗaya, wato ya fi tsada. Shi ya sa da yawa ke rubuta bayanin da Ingilishi, su dasa kalmomin gida a ciki da fassararsu, irin su dala, jaka, tiya, bashi, adashi. Wannan dabara ce mai kyau a yau, amma ba doka ba ce. A rubuta iri biyu a gwada da buƙatu iri ɗaya. Abin da ba shi da makawa shi ne buƙatun gwajin su kasance da harshen masu amfani. Wanda ya gwada da Ingilishi ya sayar wa Bahaushe bai gwada komai ba.

## Bayani mai guba

Tunda injin yana ɗaukar bayani a matsayin umarni daga wanda ya yarda da shi, mugu na iya ɓoye nasa umarnin a ciki. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna haka a kan MCP: kayan aiki mai kamar na lissafi, amma a cikin bayaninsa an rubuta wa injin ya karanto wasu fayiloli na sirri ya haɗo da su, kuma kada ya faɗa wa mai na'ura. Mai amfani suna kawai yake gani da ɗan taƙaitaccen bayani, injin kuwa yana karanta duka. Akwai kuma wanda zai fito da bayani mai tsabta, sai an amince da shi ya sauya.

Don haka tantancewa ta haɗa da karanta cikakken rubutun da injin ke gani, ba wanda aka nuna a fuskar manhaja ba. Bayani na gari yana maganar kansa ne kawai. Da zarar ya fara ba da umarni a kan wasu kayan aiki, ko ya nemi abin da aikinsa bai buƙata ba, ko ya ce a ɓoye wa mai amfani wani abu, a ajiye shi. A adana kwafin bayanin da aka amince da shi, a sa manhaja ta yi ƙara idan ya sauya. Ƙa'idar MCP tana da alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna, amma marubucin ne ke liƙa su da kansa, kuma ƙa'idar ta ce kada a dogara da su idan ba a yarda da tushen ba.

## Me ya shafi mai kanti da manomi?

Mai shago a babbar kasuwa ko shugabar ƙungiyar mata masu adashi ba za su karanta JSON ba, kuma ba a buƙatar su karanta. Amma su ne za su yi asara idan an yi sake, kuma asarar ba ta zuwa da ƙara. Farashin makon jiya ne aka faɗa kamar na yau, ko bashin wani Sani aka ɗora wa wani Sani, sai ranar lissafi a yi ta rantse-rantse tsakanin mutanen da ba su ci amanar juna ba.

Wanda aka kawo wa irin wannan manhaja yana da ikon gwada ta a gaban mai tallan. Ya faɗi kuɗi da dala, ya sake faɗinsu da jaka, ya ga ko adadi ɗaya zai fito. Ya ambaci sunan da mutum biyu ke amsawa, ya ga ko za ta tambaya. Ya nemi abin da ya san ba ta da shi, ya ga ko za ta ce babu ko za ta ƙago. Ya kashe data ana tsakiyar aiki, ya kunna, ya duba ko an rubuta abu sau biyu. Sannan ya tambayi mai ita buƙatu nawa aka gwada da Hausa, sau nawa aka maimaita kowace, kuma waɗanne ayyuka ne ba za su gudana ba sai ya danna amincewa da hannunsa. Ga duk abin da ya shafi fitar kuɗi ko goge bayani, allon amincewar ya nuna adadin da sefa, da lambobi, tare da cikakken sunan mai karɓa, kafin a taɓa ko dala ɗaya.